Kwaikwayon Tsohon Mawaƙi: Ba'a ko Tausayi?

In azumi ya kai kwana goma, yara a Bebeji da Kiru da sauran garuruwan ƙasar Kano su kan fita tashe. Cikin wasanninsu akwai wanda a ke kira Tsoho da Gemu. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya yafa tsumma, ya ranƙwafa yana dogara sanda. Mutanen gida su yi dariya, su ba da hatsi ko kuɗi. Ba mai kiran yaron maƙaryaci, domin ƙarya sai an nufi ruɗin mutum, shi kuwa kowa ya san ɗan gidan wane ne. Tambayar da ta fi wannan wuya ita ce, shin ya kamata a ɗauki raunin tsoho a baje shi gaban jama'a?

A 2009 an yi wani fim a Amurka mai suna Crazy Heart. Labarin wani mawaƙi ne, Bad Blake, mai shekara 57, wanda ke waƙar mutanen karkara da jita. Dā sunansa ya kai ko'ina. Da girma ya kama shi, giya kuma ta ci ƙarfinsa, sai ya koma bin ƙananan mashaya cikin tsohuwar mota. Yaron da ya koya wa sana'a, Tommy Sweet, shi ya zama abin kallo, har ta kai maigidan ne ke fara waƙa a share wa yaron fage. Wanda ya san zaman mawaƙi da 'yan amshinsa ya san ɗacin wannan.

Jeff Bridges ne ya fito a matsayin tsohon, kuma da muryarsa ya yi waƙoƙin. Bai rufa wa mutumin asiri ko kaɗan ba. An gan shi ya bar waƙa a tsakiya, ya fita ya yi amai, ya komo yana gumi ya ƙarasa. An gan shi ya tsaya shan giya, har ɗan matar da ya ke so, yaro ɗan shekara 4, ya ɓace masa. A 2010 aka ba Bridges kyautar Oscar saboda wannan aiki.

To, wasu za su ce wannan tonon asiri ne, kuma maganarsu da nauyi. Hausawa sun ɗauki rufin asiri babban abu, har shi a ke roƙo cikin addu'a. Malamai kuma sun ce kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarsa don a yi masa dariya, shi ma giba ne, ko da ba a buɗe baki ba.

Amma fa giba sai da wanda a ke ci. Bad Blake ba a taɓa haihuwarsa ba, ba shi da ɗa ko jika da zai sunkuyar da kai. Sa'an nan a dubi inda ɗan wasan ya tsaya. Mai ba'a a gefe ya ke tsayawa, yana kwaikwayo yana ƙifta wa jama'a ido, watau yana ce musu shi ba haka ya ke ba. Bridges kuwa shiga rigar ya yi. Ko a sa'ad da mutumin ke tangaɗi, sai ya bar masa ɗan abin da ya rage na girman kai, ya gyara hula, ya riƙe jita irin riƙon gwani. Saboda haka mai kallo ba ya samun wurin dariya. Abin da ke zo masa shi ne tunanin wani dattijo na garinsu, makaɗi ko ɗan dambe ko ɗan kokawa, wanda dā a ke tsayawa in ya wuce, yau kuwa sai ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Da an ɓoye aibin tsohon, da an yi kirari kawai, kirari kuwa ba ya sa a tausaya wa kowa. Masu fim ɗin ma ba su yi masa sassauci ba. Ya bar giya, ya koma tsara waƙa, amma matar ba ta komo ba.

Inda maganar ke sake fuska shi ne in mawaƙin na gaske ne. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, a 2015. Ranar da wani ɗan wasan Kano ya tashi fitowa a matsayin ɗayansu cikin tsufa, gwaninta kaɗai ba ta ishe shi ba. In ya nuna ƙarfi zalla, ya rage gaskiya, gama murya da gaɓoɓi ba su dawwama ga kowa. In ya nuna rauni, to raunin uban wasu ne, kuma sai ya je ya nemi yardarsu tukuna, domin 'ya'yan da 'yan amshin da suka yi saura suna cikin masu kallo.