Daren Marubuciya Haƙƙin Wane Ne?

Duk mai bin littattafan soyayya a waya ya san lokacin da sabon shafi ya fi faɗowa: ko dare ya yi nisa bayan isha'i, ko da sanyin asuba kafin gari ya waye. Mun saba da hakan har ba ma tambayar dalili, alhali dalilin a fili yake. Yawancin masu rubuta mana waɗannan labarai mata ne. Da yawansu matan aure ne masu 'ya'ya, wasu ga aikin koyarwa ko na asibiti, wasu ga 'yar sana'ar cikin gida. Rana ta riga ta rabu tsakanin girki da wanki, shirya yara boko da Islamiyya, tarbar baƙi, zuwa barka da ta'aziyya. Abin da ya rage wa alƙalami shi ne ɗan abin da aka yanko daga barci.

A nan tambayar take. Idan mace ta keɓe kanta na awa 2 tana tsara labarin wasu masoya da ba a taɓa halitta ba, alhali ga mutane masu rai a tsakar gida suna jiran ta, shin ta ci haƙƙin wani? In kuma ta ajiye alƙalamin saboda su har baiwar ta mutu a cikinta, shin ba a zalunci kowa ba?

Tambayar ta girmi wayar salula. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, bayan ya yi fice a gasar da kamfanin ya shirya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta koma neman ilimi da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya. Hajiya Bilkisu Funtuwa ta shiga gidaje da Allura Cikin Ruwa. A wancan zamani marubuciya kan cika littafin rubutu irin na 'yan makaranta da hannu, ta kai a buga mata da na'ura, ta biya maɗaba'a daga aljihunta, sannan a kai wa 'yan kasuwar littattafai a Kano. Shi ya sa ake raba labari kashi na 1 da na 2 da na 3, domin cinikin na farko ne ke fitar da na biyu. Kowane mataki yana cin lokaci da kuɗin mota, kuma daga cikin gida ake zaro su.

Zargin da aka fi ji a kan waɗannan marubuta shi ne ɓata tarbiyya, har ta kai an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007. Amma akwai wani zargin da ba ya fita rediyo, wanda ake yi cikin ɗaki da murya ƙasa-ƙasa: "Wannan rubuce-rubucen naki ne ya hana ki kula da gida." Shi ya fi kashe alƙalami, domin daga bakin waɗanda take ƙauna yake fitowa.

Adalci ne mu saurari masu wannan zargi, don ba duka maganarsu ce banza ba. Littafi yana iya jira, yaro mai zazzaɓi ba ya jira. Shekarun yarinta in sun wuce ba sa dawowa, kuma babu lambar yabo da za ta maye wa yaro hirar da bai samu da uwarsa ba. Maigidan da ya wuni a kasuwa yana da haƙƙin ya tarar da fuska, ba ƙeyar mai danna waya ba. Akwai ma abin kunya idan mai koya wa dubban mutane kalaman ƙauna ta rasa kalma ɗaya mai daɗi ga wanda ke kusa da ita. Duk wanda ya ce rubutu ya fi ƙarfin waɗannan haƙƙoƙi, ya ɗora wa rubutu girman da ba shi da shi.

Sai dai masu zargin kan manta da mutum ɗaya in suna lissafin masu haƙƙi: ita marubuciyar kanta. Mun san ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, sai ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da shi, kuma kowanne a ba shi nasa. Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. Mukan kawo wannan ƙissa don tunatar da mutum haƙƙin iyali, amma rai ma yana cikin jerin. Macen da Allah Ya ba baiwar tsara labari, baiwar wani yanki ne na ranta. In aka ce ta binne ta, an tauye ɗaya daga cikin masu haƙƙin.

Kuma baiwar ba ita kaɗai take amfana ba. Mata nawa ne suka gyara karatunsu na Hausar boko saboda son sanin yadda labari zai ƙare? A cikin waɗannan littattafai da ake rainawa aka fito da zancen auren dole, sakin wulaƙanci, zaman kishi da karatun 'ya mace, a lokacin da ba a cika tattauna su a zaure ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, baƙi suka karanta halin da matar da aka kora da 'ya'yanta take shiga. Tun kafin nan muna da misalin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Matar Waziri Giɗaɗo ce, uwa ce, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara jajis da ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Ba mu taɓa jin mai hankali ya ce da ta bar alƙalami da ta fi zama mace tagari ba.

To, sai a ce ta haɗa duka mana, ta riƙa rubutu a tsakanin ayyuka, kafin ruwa ya tafasa, kafin yaro ya farka. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san inda wannan shawara take da rauni. Ana ganin kamar na'ura tana ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, amma kowace ƙwaƙwalwa guda a cikinta tsalle take yi daga wannan aiki zuwa wancan cikin sauri. Duk tsallen da za ta yi sai ta adana inda ta tsaya, ta ɗauko inda ɗayan ya tsaya. In tsallen ya yi yawa, ƙarfinta kan ƙare a sauyi, aikin bai ci gaba ba. Ɗan'adam ya fi na'ura shan wahala a nan. Minti 6 sau 10 ba awa ɗaya ba ce ga mai rubutu, domin kafin ta koma cikin zuciyar tauraruwar labarinta an sake kiran ta. Marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta yi wannan magana tun 1929, inda ta nuna mace na buƙatar kuɗin kanta da ɗakin kanta kafin ta iya rubuta labari. A gidan da ake zaune ciki da falo, ko gidan yawa, wannan ɗaki ba ya samuwa da rana. Dare ne ɗakin. Kenan daidaiton da muke yaba mata, sau da yawa lafiyar jikinta ce ke biyan kuɗinsa.

Tafiya ita ce ke ƙara tona zancen. In an gayyaci marubuci namiji taron ƙungiyar marubuta ta ANA a wata jiha, jakarsa kawai zai ɗauka. In marubuciya aka gayyata, ko don karɓar kyautar gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, sai ta nemi izini, ta soya miyar kwana 3, ta roƙi ƙanwa ko uwa ta zauna da yara, ta tafi rabin hankalinta yana gida. Ba muna jayayya da neman izini ba ne. Abin da muke cewa shi ne izini amana ce a hannun mai ba da shi, kuma za a tambaye shi ko don maslaha ya hana ko don kishin ganin sunanta ya fi nasa fita. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in ji magabata. Mukan yi wa wasu littattafai dariya saboda Dubai da Landan ɗin cikinsu sun fi kama da na fim, amma wadda ba a bari ta ga ko garin da ke maƙwabtaka da nata, daga ina za ta ɗebo duniyar da za ta zuba a takarda?

Akwai kuma ɓangare na uku da ba a cika sakawa a lissafi ba, wato mu masu karatu. Waya ta sauƙaƙa wa marubuciya fitar da aiki ba tare da maɗaba'a ba, ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, amma ta shigo mata da kasuwa har gefen gado. Da can mai karatu kan jira watanni kafin kashi na biyu. Yanzu in shafi ya yi lattin kwana ɗaya, saƙonni sun fara, wasu har da gori, ba tare da an san ko jinya take yi ba. Sannan littafin da ta sa wa 'yan ɗaruruwan naira, mutum ɗaya zai saya ya watsa shi kyauta ga ɗaruruwa. Kwafin ba ya cin ko kwabo, shi ya sa ba a jin nauyinsa kamar satar littafi a shago. Amma wannan ɗan kuɗin shi ne zai saya mata lokaci: ta ɗauki mai taya ta aiki, ta sayi gas ta huta da hura gawayi, ta biya kuɗin mota. Wanda ya hana ta shi, ya mayar da ita cikin dare, kuma ya taɓa rabon 'ya'yanta ba tare da ya san fuskarsu ba.

Saboda haka amsar tambayarmu ba ta tsaya a kan mace ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wuyanta akwai sanin ranar da za ta kife waya ta ce wa masu karatu su yi haƙuri, domin yau ta gida ce, kuma kada ta ji kunyar faɗin haka. A wuyan maigida akwai ware mata lokacin da kowa ya san nata ne, ko da awa 2 ne ranar Asabar, ya ja yara waje ko ya zauna da su. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, don haka babu namijin da girmansa zai zube saboda ya goya wa matarsa baya ta wannan hanya. A wuyanmu kuma akwai abu biyu masu sauƙi: mu biya kuɗin abin da muka karanta, mu kuma iya jira.

In kowa ya ɗauki nasa kason, marubuciya za ta yi rubutu da hasken rana, ta kwanta lokacin da iyalinta suka kwanta. Shafin zai iya yin latti da kwana ɗaya ko biyu. Masoyan cikin labarin ba za su tsufa ba kafin ya iso.