Rowa Ce Ko Tattali?

Ya mai karatu, idan ka ga mace tana tsince ƙyallayen da suka zube a gindin keken ɗinki, me za ka kira ta? Marowaciya ko mai tattali?

A ƙauyen Gee's Bend, cikin jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna yin haka. A da, gidajensu na katako ne, ga sanyi, ga rashin kuɗin bargo. Sai kowace ta yayyanka tsofaffin wandunan gona da buhunan gari ta harhaɗa. Sa'an nan su taru, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su ɗinke tare suna waƙa. A 2002 aka baje bargunansu a gidan nuna kayan fasaha na birnin Houston. A 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki da hotunan bargunan.

Marowaci da mai tattali, dukansu ba sa zubar da kome. Bambancinsu yana wurin da abin ya ƙarasa. Na marowaci yakan ruɓe cikin akwati. Na matan nan ya rufe yara cikin daren sanyi. Ko Yesu, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage, har kwando 12 (Yohanna sura 6).

To, duba akwatinka yau. Abin da ka ajiye, wa zai rufa?