WA KE DA IKON YAFE JINI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana mata, nasiharmu ta wannan fitowa ta samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Dangamaji. Muna karatun Risala, mun kai babin hukunce-hukuncen jini da haddodi, sai wata baiwar Allah wadda ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu. Shekarun baya an kashe mata miji a kan rikicin iyakar gona, aka kama wanda ya yi kisan, aka ɗaure shi. Rannan ta tafi kasuwar Jega, kwatsam sai ga mutumin tsaye yana cinikin albasa, lafiyarsa lau. Ba wanda ya sanar da ita an sako shi, ba wanda ya nemi ɗanta ko surukinta. Ta ce mini: "Malama, don Allah wa ya yafe mai? Mu dai ba a tambaye mu ba."

Aji ya yi tsit. 'Yar'uwa, wannan tambayar ce nake so mu duba tare: shin ya halatta a sallami wanda aka tabbatar ya yi kisan kai kafin wa'adinsa ya cika? In ya halatta, a hannun wa ikon yake?

ABIN DA YA FARU A ABUJA

Ƙasa baki ɗaya ta yi wannan tambaya a shekarar 2025. Kin tuna shari'ar Maryam Sanda. A watan Nuwamba 2017 mijinta Bilyaminu Bello ya rasu a Abuja sakamakon suka da aka yi masa. Ranar 27 ga Janairu 2020 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta same ta da laifin kashe shi, ta yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen wannan shekarar. A watan Oktoba 2025 sai ga sunanta cikin mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci, bayan ta yi shekara 6 da wata 8 a gidan gyaran hali na Suleja. Dalilan da aka bayar su ne kyawun halinta a tsare, da nadamar da ta nuna, da maslahar 'ya'yanta biyu.

Maganar ta taɓa mu mutanen Kabi, domin mamacin ɗan gidan Dokta Bello Halliru Muhammad ne, tsohon shugaban jam'iyyar PDP, mutumin Birnin Kabi. Gidan da suka raine shi suka fito suka ce an zalunce su. Mahaifin da ya haife shi kuwa ya fito ya ce shi ya yafe, kuma shi ma ya nemi a yi mata afuwa. Da surutu ya yi yawa, kafin watan ya ƙare sai aka sake duba jerin sunayen, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. Ranar 12 ga Disamba 2025 kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 4 cikin 5, ta tabbatar da hukuncin kisan, ta ce bai dace a yi afuwa ba alhali ƙara tana gaban kotu.

Ni ba alƙaliya ba ce, kuma ban kawo wannan don mu ci naman kowa ba. Na kawo ne don ki ga yadda magana ke rikicewa idan aka rasa sanin mai haƙƙi.

ME DOKAR ƘASA TA CE?

Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa ikon yin afuwa, sashe na 212 kuma ya bai wa gwamnoni irin wannan iko a jihohinsu. Ban da wannan akwai sakin talala, wato a sallami fursuna bisa sharaɗi tun wa'adinsa bai cika ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, idan hukumar gidan yari ta shaide shi da kyawun hali kuma ya cinye kason da aka gindaya na wa'adinsa, kotu tana iya dakatar da sauran bayan ta saurari mai gabatar da ƙara da kuma fursunan.

To kin lura da wanda babu shi a wannan zama? Marayun mamaci, da matarsa, da tsohon da ya haife shi. A nan ne tsarin Musulunci ya sha bamban.

HAƘƘI UKU A WUYAN MAI KISA

Da farko mu san nauyin abin. A Suratun Nisa'i aya ta 93 Allah (SWT) Ya tanadar wa wanda ya kashe mumini da gangan wutar Jahannama, da fushinSa, da tsinuwarSa, da azaba mai girma. A Suratul Ma'ida aya ta 32 Ya daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane duka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama.

Malamai, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa haƙƙi uku ne ke rataye a wuyan mai kisa. Akwai haƙƙin Allah, wanda tuba ta gaskiya ke sauke shi. Akwai haƙƙin magadan mamaci, wanda ba ya sauka sai da ƙisasi, ko diyya, ko yafiyarsu. Sannan akwai haƙƙin shi kansa wanda aka kashe, wannan kuwa sai an je gaban Allah.

Yanzu ki auna dalilan da ake bayarwa in za a saki mai kisa. An ce ya yi nadama, ya sauke Alƙur'ani a kurkuku, ya koyi sana'a. Madalla, muna yi masa murna. Ƙofar tuba a buɗe take, Suratul Furƙan aya ta 68 zuwa 70 ta tabbatar da haka har ga mai kisa, kuma kin san hadisin mutumin da ya kashe rai 100 Allah Ya karɓi tubansa. Amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya ci bashinki ya koma sahun farko a masallaci, sallarsa ba ta biya ki kuɗinki ba.

AFUWA TANA DA MASU ITA

A Suratul Isra'i aya ta 33 Allah Ya sanya iko a hannun waliyyin wanda aka kashe da zalunci, Ya kuma hana shi wuce iyaka. A Suratul Baƙara aya ta 178 Ya wajabta ƙisasi, sannan Ya buɗe ƙofar rangwame daga wajen dangin mamaci, Ya kira wannan sauƙi da rahama. Aya ta 179 ta nuna cewa a cikin ƙisasi akwai rayuwa, domin wanda ya san ransa zai tafi zai yi tunani kafin ya zare wuƙa.

Ki dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi. Wa'ilu ɗan Hujur (RA) ya ba da labarin wani mai kisa da aka kawo a ɗaure. Annabi (SAW) ya tambayi waliyyin mamaci ko zai yafe, ya ce a'a. Ko zai karɓi diyya, ya ce a'a. Ya maimaita masa tambayar, ya kwaɗaitar da shi, har daga ƙarshe mutumin ya yafe da kansa. 'Yar'uwa, wannan fa shugaban al'umma ne, kuma Manzon Allah. Duk da haka tambaya ya yi, bai ƙwace haƙƙin daga hannun mai shi ba. In Annabi (SAW) ya tambayi waliyyi, wane shugaba ne ya fi ƙarfin tambaya?

A mazhabarmu ta Malikiyya, magana a kan jini ta dangi maza na wajen uba ce, na kusa yana gaban na nesa: ɗa, sannan uba, sannan 'yan'uwa, kafin a kai ga baffa. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan ganganci daga dukiyar mai laifin take fita. Matar mamaci tana da gadonta a cikin diyyar. Irin wannan magana alƙali ne ke zaunar da dangi ya tantance wa ke da baki, ba a gaban 'yan jarida ake warware ta ba.

KO AN YAFE, DA SAURA

Kada ki zaci da an ce an yafe shi ke nan, mutum ya kaɗe riga ya koma gida. Risala ta bayyana cewa wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100, a tsare shi shekara guda. Wannan rabon hukuma ne, don jama'a su san rai ba abin wasa ba ne. Kuma mai kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe, ba dukiya ba diyya.

Akwai ma inda afuwa ba ta aiki sam, wato kisan gilla, inda ake yaudarar mutum ya saki jiki sannan a hallaka shi, musamman don dukiya. Malikiyya sun ce wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, yafiyar dangi ba ta kankare shi. Ki tuna Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 a Kano, wadda mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace a Disamba 2021 ya nemi kuɗin fansa ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli 2022. Wace uwa ce za ta yi barci in aka ce an sako irin wannan saboda ya nuna ladabi a kurkuku?

Wata za ta ce, Malama, ai gidajen yari sun cika maƙil. Gaskiya ne. Amma mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba. Akwai wanda ya kasa biyan tara, akwai wanda ya yi kisan kuskure, wanda hukuncinsa diyya ce da kaffarar azumin wata 2 a jere. In rage cunkoso ake so, ga inda za a fara. Kuma duk wanda aka gano an ɗaure shi bisa kuskure, sakinsa wajibi ne, ba alfarma ba.

Sai kuma mu ji tsoron bambanci. Lokacin da Usama ɗan Zaidu (RA) ya nemi sassauci ga wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya hallaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Idan afuwa ta zama sai mai uwa a gindin murhu, to sunanta zalunci.

NAMU RABON, MU MATA

Na farko, in aka jarrabi gidanku da wannan musiba, kada ki zama mai hura wuta. Uwa ce ke raɗa wa yaro tun yana ƙarami cewa sai ya rama jinin ubansa. Ƙisasi hukuma ke zartar da shi, ba matasan unguwa ba.

Na biyu, kada mu taru a kan matar da aka kashe wa miji muna matsa mata da "ki yi haƙuri, ki yafe" tun ba ta fita takaba ba. Yafiya sadaka ce, Suratul Ma'ida aya ta 45 ta nuna tana zama kaffara ga mai yin ta, kuma ita ce mafi falala. Amma sadakar dole ba sadaka ba ce. Dangin da suka ce shari'a suke so ba su yi zunubi ba.

Na uku, ƙungiyoyinmu na mata su sa baki. Kabi tana cikin jihohi 12 da suka dawo da shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000. Mu rubuta wa masu bai wa gwamna shawara kan afuwa, mu roƙi kada a saki mai laifin kisa sai an kira magadan mamaci ta hannun alƙali da hakimi, an ji ta bakinsu, an yi maganar diyyar marayu.

Na huɗu, ki tsare kanki. Da yawa daga kashe-kashen cikin gida fushin minti biyar ne, kishi ko gardama, ga wuƙa kusa. Annabi (SAW) ya koya mana neman tsari daga Shaiɗan, da zama in kina tsaye, da yin shiru. In zaman ya gagara, akwai waliyyinki, akwai alƙali, akwai khul'i. Gara a ce zawara da a ce mai kisan kai.

Ita kuwa ɗalibar tawa, abin da na faɗa mata shi ne: gwamnati tana iya buɗe ƙofar kurkuku, amma ba ta iya yafe abin da ba nata ba. Haƙƙin marayunta yana nan, in sun so su nemi diyya ta hanyar alƙali, in sun so su yafe don Allah su sami lada. Haƙƙin mijinta kuma yana wurin Wanda ba Ya mantuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya raya marayunsu, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin summa amin.