Sabo Turken Wawa

Duk wanda ya taɓa kiwon awaki a gida ya san abin da suke yi da almuru. Sun wuni a daji sun ci sun ƙoshi, ba igiya a ƙafa, ba mai kora. Amma da sun shigo gida, kowace sai ta nufi turkenta ta tsaya tana jiran a zo a ɗaure ta. Ko an tumɓuke turken an kafa shi a wani lungu, sai ta yi kwanaki tana zuwa tsohon gurbin tana sunsuna ƙasa. Nan Bahaushe ya samo maganarsa: sabo turken wawa.

Ana faɗinta ne ga mutumin da ya liƙe wa wani wuri, ko wani mutum, ko wata hanya ta yin abu, alhali amfanin da ya kai shi can ya daɗe da ƙarewa. Ga magidanci yana awon hatsi wajen mutum ɗaya shekara da shekaru. An nuna masa gindin tiyar a lotse yake, an nuna masa rumfar gaba ta fi arha, sai ya ce, "Ai na riga na saba da shi." Bai ce hatsin ya fi kyau ba, bai ce ana ba shi bashi ran da aljihu ya bushe ba. Da ya faɗi ɗaya daga ciki, da ba mai kiransa wawa.

A ganina maganar ba sabo ta zaga ba. Kowa da turkensa, kuma da babu shi da rayuwa ta gagara. Mai alwala ba ya tsayawa ya tuna ko fuska ce gaban shafar kai. Mai tuƙin tuwo tana hira da maƙwabciyarta ta kan katanga, hannunta ne ya san lokacin ƙara gari. Da sai an zauna an yi shawara da zuciya kan kowane motsi, da rana ta faɗi ba a gama karin kumallo ba. Wanda maganar ta nufa shi ne wanda in aka tambaye shi dalili, ba ya da abin kawowa sai sabon kansa.

Dattawanmu sun ga ƙarfin sabo da idonsu a shekarar canjin hannu. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu da ta gada daga Ingila, ta koma dama kamar maƙwabtanta, su Nijar da Kamaru da Chadi. Doka ta canza cikin dare ɗaya, amma wuyan mai tsallaka titi dama ya saba fara waigawa, mota kuwa yanzu ta hagu take fara zuwa masa. Ƙasar Suwidin ta riga mu yin haka, ranar 3 ga Satumba 1967. An yi fargabar haɗura za su yi yawa, sai ga shi sun ragu, don kowa ya farka, kowa na tuƙi da hankalinsa a jikinsa. Zuwa 1969 abin ya koma kusan yadda yake a da. Sabon hannun ya zama jiki, hankali ya sake tafiya yawonsa.

Ba sai mun je Turai ba ma, duk shekara muna gwada wannan a kanmu. Ɗauki tsoho mai cin goro, wanda haƙoransa sun rine, wanda in hantsi ya yi bai ɓara ko ɓari ɗaya ba kai ya fara sara masa, 'ya'ya su fara kaffa-kaffa da shi. Ya sha rantsuwa cewa shi da goro sai kabari. Ana ganin watan azumi, sai ga shi daga asuba har magariba ko ƙwalli bai sa a baki ba, kwana ashirin da tara ko talatin, bai kuma mutu ba. Haka mai taba, haka mai shayin safe. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi wa "hali zanen dutse" kallo na biyu. Sau da yawa abin da muke kira hali sabo ne kawai da ya tsufa.

To me ya sa da an sauko daga idi komai ke komawa gidan jiya? Na farko, da rana kawai aka bari, da an sha ruwa an rama. Na biyu, kuma shi ya fi, ba abin da aka taɓa a kewayen mutumin. Bencin majalisa na nan ƙarƙashin dalbejiya, abokan hira su ne dai, yaro mai tallan goro zai iso bayan la'asar da tirensa yana yayyafa masa ruwa. Kafin zuciya ta ce uffan, hannu ya shiga aljihu. Wata ɗaya ma bai cika isa ba. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'ar Landan, wanda ya fito a 2009, an bi mutum 96 da suka ɗauki wani sabon ƙaramin aiki na kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani kwana 18, wani har 254.

Iyayenmu ba su ƙidaya kwanaki ba, amma sun san inda igiyar take. In yaro ya faɗa cikin abokan banza, aka yi faɗa aka yi nasiha abin ya ƙi, ba a ƙara ɓata baki. Sai a haɗa masa kayansa a tura shi wajen kawunsa a wani gari. Ba wai kawun ya fi uban iya magana ba ne. A can dai babu wannan kwanar, babu wannan fito da ake yi masa ta bayan gida.

Wani lokaci ma tilas ce ke yi wa mutum wannan gatan. A watan Fabrairun 2014 ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan suka yi yajin aiki na kwana biyu, aka rufe tashoshi da dama, dole mutane suka nemi wasu hanyoyin zuwa aiki. Masana tattalin arziki daga Oxford da Cambridge suka bi bayanan katin shiga jirgi, suka tarar cewa cikin waɗanda tilas ta sa suka canza hanya, kusan ɗaya cikin ashirin bai koma tsohuwar ba ko bayan an janye yajin. Hanyar da ta fi masa tana nan tun tuni, bai taɓa gwada ta ba sai da aka rufe masa ƙofa.