Rabon Arziki A Teku Da Haƙƙin Da Ke Kan Wanda Ya Samu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta (SAW).

'Yan'uwa, tsohuwar tambaya ce: don me arziki ke taruwa a wuri guda, wani wurin kuma ya bushe? Mu a ƙasar Gure muna gani da ido: ga tudun rairayi ƙayau, a gindinsa kuma ga kwari cike da dabino da kanwa. To, haka rabon yake a teku.

A cikin ruwa akwai ƙananan dabbobi da masana ke kira zoplankiton, da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba. Su ne abincin kifaye masu yawa, har da salangar Tafkin Cadi. Tsakiyar teku a yankunan zafi, inda ruwa ya fi shuɗi da garai-garai, kusan hamada ce gare su, domin ruwan bisa mai ɗumi ba ya gauraya da na ƙasa mai taki. Amma a gaɓar Muritaniya da Senegal, iska kan kore ruwan bisa, na ƙasa mai sanyi ya taso da takinsa, ƙananan tsirrai su yaɗu, waɗannan dabbobi su yawaita, kifi ya cika taru. Masuncin da ya ja tarun ba shi ya turo iskar ba. Ina abin alfahari a nan?

Sai dai rabon bai tsaya nan ba. Kowane dare waɗannan halittu kan taso saman ruwa su yi kiwo, da asuba su koma ƙasa, wasu ɗaruruwan mitoci. Abin da suka ci a wurin da rana ke haskawa, da shi suke gangarawa cikin duhu inda tsiro ba ya fita, mazauna can su rayu ta hanyarsu. Allah Ya tara abinci a sama, Ya kuma sanya masu kai shi ƙasa.

Ya ɗan'uwa, idan rumbunka ya cika alhali na maƙwabcinka babu ko tiya guda, kada ka ce rabonsa ke nan. Wataƙila rabonsa ne aka ajiye a hannunka. Zikirin da bai buɗe rumbu ba, da sauransa. Wanda kuma bai samu ba, kada ya ɗauka an manta da shi.

Allah Ya sa mu zama masu isar da amana, albarkar Annabi (SAW). Amin.