Tawul Ɗin Otal, Na Wane Ne?

'Yar'uwa, Allah Ya kai ki Makka, an sauke ku a otal: ga sabulu, ga tawul fari ƙal, ga butar dafa shayi. Ranar haɗa kaya sai zuciya ta raya miki cewa ai maigida ya biya.

To, me ya biya? Kwana ya biya, da abin da amfani ke ƙarar da shi. Sabulun naki ne, jefa shi a jaka. Amma tawul da zanen gado aro ne, wata baƙuwar na tafe.

Za ki ce masu otal ba za su ji a jikinsu ba. Haka ne. Sai dai bawan Allahn da ke gyara ɗakin, wanda ya baro iyalinsa a wata ƙasa, shi za a tsare da tambaya, ke kuwa kin kama hanyar Jidda da tsarabarki.