Tauraro bai mutu ba, shamaki ne ya gitta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan uwa a tafarki, a cikin sararin samaniya akwai duwatsu masu kewaya rana, ba su da hasken kansu. Wani lokaci ɗayansu yakan gitta tsakaninmu da wani tauraro mai nisa, sai tauraron ya ɓace na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya dawo. Akwai mutane masu sha'awar taurari, ba don albashi ba, da suke kwana a daji da madubin hangen nesa da agogo, suna jiran wannan ƙiftawar. Kowa ya rubuta lokacin ɓacewa da na dawowa a wurin da yake. In aka haɗa lissafinsu sai girman dutsen da siffarsa su fito.

Haka aka yi wa dutsen Arrokoth a Ajantina cikin Yulin 2017, aka sake a Senegal cikin Agustan 2018. Da kumbon New Horizons ya wuce ta kusa da shi ranar 1 ga Janairun 2019, hotunansa suka gaskata abin da inuwa ta nuna: kamar duwatsu biyu ne manne da juna.

Ya kai murīdi, in zaƙin zikiri ya ɗauke maka, kada ka ce hasken ya mutu. Tauraro yana nan yadda yake; wani abu ne ƙarami mai duhu ya shiga tsakani. Wataƙila gulma ce, ko lomar haram, ko jiji da kai. Ka lura da lokacin da zuciyarka ta yi duhu da abin da ya gabace shi, domin ta inuwa ake gane shamaki.

Kuma mutum ɗaya layi ɗaya kawai yake aunawa. Hatta wanda tauraron bai ɓace masa ba yana da amfani, domin shi ke nuna iyakar dutsen. Haka aibin rai yake: ba ka ganinsa duka kai kaɗai. Ka lizimci wazifa cikin jama'a, ka kai wa shehinka halinka ba ƙari ba ragi. Mai ƙarya a lissafi kansa ya cuta, ya kuma ɓata wa ƴan uwa.

Allah Ya yaye mana hijabi, Ya tsare mu daga gafala, Ya sa mu cika da imani. Amin.